Fuskar Baba da Tekun Labadi

Shekara shida na yi ina ɗaukar hoto a Nima kafin Baba ya yarda ya tsaya a gaban kyamarata. Shagona ɗan ƙarami ne a bakin babban titi, tsakanin wani tela da mai sayar da koko, kuma babu irin wanda ban ɗauka ba a unguwar: amare, masu suna, maniyyata masu neman hoton fasfo, har da 'yan ƙwallon layinmu da kofinsu na gwangwani. Baba kuwa kullum da safe sai ya wuce ta ƙofar shagon a hanyarsa ta zuwa Tudu, ya yi sallama daga waje, ko leƙowa ba ya yi. Bai taɓa ce mini sana'ar haramun ce ba. Abin da ya faɗa, sau ɗaya tak, shi ne wanda ya halicce shi ya san kamanninsa, bai ga abin da takarda za ta ƙara ba.

Baba mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram. Ya baro gida yana saurayi, ya biyo fatake har Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra, ya yi dako a tashar Tudu, daga baya ya zama mai lura da lodin goro. Kowace shekara yana cewa baɗi zai je gida, har aka haife mu, har muka yi gemu. Wadda ta rage masa a can yayarsa ce, Gwaggo, wadda ni ban taɓa gani ba. Muryarta kawai na sani. Akwai wani Alhaji mai safarar goro da ke zuwa arewa sau biyu a shekara, shi ke kai kaset ɗin Baba ya kuma dawo da na Gwaggo. Ranar da kaset ya iso, bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa rediyon a tsakiya, 'yan haya ma su zo su zauna kamar su ma gwaggonsu ce. Idan Baba zai mayar da amsa, Hausarsa sai ta canza ta koma ta mutanen can, mu 'yan Zongo muna ta sunkuyar da kai muna dariya.

A kaset ɗin wannan shekarar babu abin dariya. Bayan gaisuwa da lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, Gwaggo ta ce yanar ido ta fara rufe mata gani, na dama ya riga ya tafi, na hagu ne ke ɗan gani. Ta ce ɗan maƙwabciyarta da ke Kumasi ya aiko wa uwarsa hoto, duk ƙauyen an je an gani. Ita ma tana so ta ga fuskar ƙanenta kafin idon ya ƙarasa. Daga nan ta tuna masa cewa ranar da zai tafi ya yi mata cika baki, ya ce ba zai tsaya ba sai inda ƙasa ta ƙare. Ta yi 'yar dariya, ta ce ko ya kai?

Kwana uku Baba yana wucewa ta ƙofar shagon kamar kullum. A rana ta huɗu na ɗaga kai daga gyaran wani hoto sai na gan shi tsaye a cikin shagon, yana kallon labulen bango mai zanen jirgin sama kamar wanda ya shiga gidan surukai. Ya ce zai tsaya in ɗauke shi, amma da sharaɗi. Sau ɗaya za a ɗauka, ba biyu ba. A bakin teku za a yi, don ta ga ya kai. Kuma ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, domin Alhaji zai tashi ran Litinin.

Sharaɗi na uku ne ya tayar mini da hankali. Duk mai ɗaukar hoto ya san babu lokacin da ya fi muni kamar tsakar rana, balle a bakin ruwa. Idon mutum yana iya kallon haske da inuwa lokaci guda ya ga kowanne. Kyamara ba ta iyawa. Tana da ido guda wanda kake buɗewa ko ka tsuke. In ka buɗe shi don abin da ke cikin inuwa ya fito, duk abin da ke da haske sai ya ƙone ya zama fari fat. In ka tsuke shi don mai hasken ya fito da kyau, na inuwar sai ya koma baƙi ƙirin. Da safe ko da yamma lis, haske da inuwa suna kusa da juna, ana iya sasanta su. Da tsakar rana kuwa sai dai ka zaɓi ɗaya.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani.

"Baba, lokacin nan rana ya yi yawa paa. Mu je da safe, bayan asuba."

"Da safe ina sa babbar riga?"

"Ka sa mana. Na hoto ne kawai."

"Ba zan sa riga don hoto ba. Don masallaci nake sa ta. In an sauko, sai mu biya."

Haka tsofaffinmu suke. A wurinsa, ya yi ado musamman don a ɗauke shi wani irin nuna kai ne da ba zai iya ba. Amma in adon na Juma'a ne, hoton kuma ya same shi a hanya, to babu laifi. Na san in na ƙara magana zai fasa gaba ɗaya, sai na ja bakina.

Ranar Juma'a muka shiga tirotiro, ƙaramar motar haya, daga masallaci, shi da farar rigarsa da ta sha bula da sitaci, ni da kyamarata a rataye. Irin mai ido biyun nan ce, ɗaya na leƙe ɗaya na ɗauka, wadda kake riƙewa daidai cikinka ka sunkuya ka leƙa ta sama. Filashi na bar shi a shago, don a shekarun nan batir ya yi wuya, ɗan abin da nake da shi kuwa na hoton fasfo ne. Ban da haka ma, girman kai ya sa na ce wa raina wa ke ɗaukar filashi da rana tsaka.

Da muka isa Labadi, rana na sama ta ɗan karkata wajen ruwa, kamar yadda take yi a ƙarshen shekara. Tekun yana ƙyalli kamar sabon kwanon rufi, da ƙyar ake iya kallonsa. Na nemi Baba ya tsaya a karkace, ruwa a gefensa, don haske ya ɗan taɓa masa kunci. Ya ƙi. Ya duba inda alƙibla take, ya lissafa inda arewa ta faɗa, ya juya ya ba ruwan baya sosai. Ya ce so yake ta ga ruwan yana bayansa, fuskarsa kuma tana kallon gida. Babu yadda za ka yi gardama da wannan. Sai dai hakan ya jefa fuskar cikin inuwa gaba ɗaya, ga hula ta ƙara rufe goshi, ga shi dama Baba baƙi ne sosai, ga farar riga tana ɗaukar ido.

Na sunkuya na leƙa gilashin kyamara, kuma a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Na san abin da ya kamata in yi. In matsa kusa, in cika hoton da kansa da kafaɗunsa, in buɗe idon kyamara sosai. Tekun zai ƙone ya zama farin fili, sai ɗan layi da zai nuna ruwa ne, amma kowane layi na fuskarsa zai fito. Ko kuma in roƙi ɗaya daga matan da ke jiran kifi ta riƙe mini farin zane ko babban farantinta a gabansa, ya mayar masa da haske. Duk na sani, ai da shi nake ci.

Amma abin da na gani a gilashin ya fi ƙarfina. Wani gajimare dogo ya kwanta a kan layin da ruwa ya haɗu da sama. Igiyar ruwa tana zuwa sahu uku, kowace da farin bakinta. Daga hagu wani kwalekwalen masunta yana shigowa, mutane a tsaye a cikinsa. Shekara shida ina yanke kawunan mutane daidai girman fasfo, ina ce musu su ɗaga haɓa, kada su ƙifta. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, kuma ina so in zama mutumin da ya ɗauke shi. Na ce wa raina fuskar Baba ai tana gida kullum, kuma ko ta yi duhu zan ceto ta a ɗakin wankin hoto. Na ja da baya taku biyar ko shida. Na ajiye Baba a gefen dama, ƙarami, na bar wa ruwan sauran filin. Na sauke kyamarar kaɗan don layin ruwa ya ratsa ta ƙirjinsa, kansa ya fito a cikin sama. Na tsuke idon kyamara. Na jira har kwalekwalen ya hau kan igiyar ruwa, sannan na danna.

Da jin ƙarar, Baba ya cire takalmi ya kakkaɓe yashi, ya ce mu tafi kada la'asar ta same mu a hanya.

Washegari da safe na rufe shago na shiga ɗakin wanki, wanda ba komai ba ne illa bayan labule da na toshe da bargo biyu. Da na ɗaga fim ɗin ga fitila na san an gama. A jikin fim komai a juye yake, abin da ke da haske baƙi ne, abin da ke da duhu kuwa fili ne garau. Wurin fuskar Baba garau yake kamar ruwan randa, babu ido, babu hanci, babu komai. Abin da haske bai rubuta a fim ba, babu gwanin da zai fito da shi a takarda. Na sani, amma na gwada. Akwai dabarar da muke yi: ka soka ɗan auduga a tsinken tsintsiya, lokacin da kake haska fim a kan takarda sai ka riƙa kaɗa shi a kan wurin da kake so ya yi haske, don kada ya ƙone. Na yi ta yi har azahar. Duk abin da na samu shi ne wani toka-tokan tabo mai farin zobe a kewaye, wanda ya fi baƙin muni. A ƙarshe na buga shi yadda yake.

Tekun kuwa ya fito yadda ban taɓa mafarki ba. Ana ganin kowace igiyar ruwa, ana ganin sandar mai tuƙi, gajimaren yana da ciki da baya. Tela maƙwabcina ya shigo aron almakashi ya gan shi a rataye yana bushewa, ya ce wannan ai na kalanda ne, wane ne wancan a tsaye? Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba, kuma jin daɗin ya fi komai ba ni haushi.

Ran Lahadi na kai wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta shi, ya kusanto da shi. Mma, mahaifiyata, ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce wannan ai inuwa ce aka ɗauka, ba mutum ba. Baba ya tambaye ni ina fuskar take. Na ce rana ce, ai na faɗa masa tun farko. Ƙarya ce mai ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa ta fito mini da sauƙi. Na roƙe shi ya zo shago yanzu-yanzu in sake, kafin dare zan wanke. Ya ce ya riga ya ce ɗaya, kuma an yi ɗaya. Ya naɗe hoton a leda tare da kaset, da sabulu da turmin atamfa, ya kai wa Alhaji da kansa.

Wata biyar aka yi kafin amsa ta zo. A cikin watannin na buga tekun da girma na kafa a shago, mutane na tsayawa kallo. Na ma fara zuwa bakin ruwa ranar Lahadi da sassafe ina ɗaukar kwalekwale, na hau tudun Legon na ɗauki garin daga sama. A lokacin na koyi jiran haske, na koyi cewa yawancin aikin a ƙafa yake: ka zagaya, ka dawo gobe, ka haƙura. Maganar Gwaggo kuwa na tura ta can bayan zuciya.

Da kaset ya iso aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Muryarta ta ƙara sanyi. Ta yi godiyar atamfa, ta gaida Mma, ta gaida mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zo kan hoto. Ta ce ta ga ruwan, ashe da gaske ƙasa tana ƙarewa, duk ƙauyen sun zo sun gani, wani tsoho ma ya tambaya ko akwai gona a ƙetarensa. Aka yi dariya a tsakar gida. Ta ce tun kafin a gaya mata ta gane shi, saboda kafaɗarsa ta hagu da ta sauka tun faɗowar da ya yi daga tsamiya yana yaro, ranar da ita ta goyo shi zuwa gida. Ni ban taɓa sanin dalilin kafaɗar nan ba, na ɗauka dako ne.

Daga nan ta ce:

"Amma fuskar, ƙanena, baƙin tukunya ya shafe ta a hanya. Na goge da bakin zane, bai fita ba. Na sa yawu na goge, bai fita ba. Na ce jikokina su duba mini ko gemunka ya yi fari, sun ce ba su ga gemu ba. Kullum da hantsi ina fitowa da shi rana in ɗan ƙara gogewa. Ko kuwa ɓoye mini kake yi?"

Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. 'Yan haya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, Mma ta shiga madafa. Ni na kasa tashi. Na ce masa ba rana ba ce, ni ne. Na gaya masa zan iya fito da fuskar, tekun na zaɓa.

"Na sani," in ji shi. "Na ga lokacin da ka ja da baya. Ba ni kake kallo ba, jirgin nan kake jira."

Na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, me ya sa bai yarda an sake ba. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce shi ma tekun yake so ta gani, don kada ta ce ya zauna shekara arba'in a banza. Kuma ya ce ya riƙe maganarsa ta sau ɗaya kamar wata abar kirki.

Washegari Talata ce, ba Juma'a ba. Ina buɗe shago sai ga shi cikin babbar riga, ya sa ta don hoto. Na zaunar da shi a kan bencin tela, a inuwar bangon gefe, inda hasken safiya ke dawowa daga farin ginin da ke ƙetaren titi. Na matso har ina jin numfashinsa. Babu teku, babu labule mai jirgin sama, bango ne kawai. Komai ya fito: tsagen da ke kuncinsa, furfurar gemu, ɗan tabon da ke gefen ido, da wani kallo da ban san yana da shi ba. Ban taɓa ɗaukar fuska kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Na buga shi babba yadda mai ido ɗaya za ta gani.

Sai dai Alhaji ba ya tafiya don hoton kowa. Sai da kaya suka haɗu, bayan Babbar Sallah, sannan ya tashi. Baba kan je tasha kullum, amma a watannin nan har gidan Alhaji yake biyawa ya tambaya yaushe ne tafiya.

Da Alhaji ya dawo bai aiko yaro da kaset ba, da kansa ya zo. Ya cire takalmi, ya zauna, ya yi ta'aziyyar Gwaggo. Ya ce ya tarar an yi sadakar bakwai. 'Yar Gwaggo ta kalli sabon hoton ta yi kuka, ta ce kamar kakansu ya dawo, amma ta ce a mayar wa kawunta, tare da na farkon, wanda aka samu a ƙarƙashin matashin tsohuwar.

Bayan an yi addu'a an watse, Baba ya buɗe ledar. Sabon hoton yana nan yadda na naɗe shi, ko lanƙwasa babu. Tsohon kuwa ya yi laushi, gefunansa sun nannaɗe. Tekun yana nan lafiya lau, igiyar ruwa sahu uku, kwalekwale, gajimare, babu abin da ya taɓa su. Rigar tana nan, kafaɗar hagu a sauke. Amma tsakanin hula da wuyan riga baƙin ya tafi. Ta goge shi har ta kai ga farar takarda, takardar ma ta sirance, saura kaɗan ta huje. Wurin bai fi girman babban yatsa ba.

Baba ya ɗora nasa yatsan a wurin, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya miƙo mini sabon hoton, mai kyan, ya ce in riƙe, shi ba shi da wanda zai nuna wa. Na farkon ya sa a aljihu.

Ranar na sauke babban tekun daga bangon shago. Tela ya tambaye ni dalili, na ce ya koɗe.

Baba ya ƙara shekara tara a duniya, bai sake tsayawa gaban kyamara ba, ni ma ban sake roƙonsa ba. Hoton fuskarsa yana rataye a ɗakina yanzu, jikokinsa sun san shi da shi, baƙi kan ce lallai wanda ya ɗauka gwani ne. Ɗayan kuwa sai bayan rasuwarsa na sake ganinsa, a ƙasan akwatinsa, cikin ninkin farar rigar. Wurin fuskar ya riga ya huje.